Ku Tambayi Inna: Ta Tsaya Daga Ƙafar Gado

Wasiƙu biyu na ɗauko wannan watan, duka daga cikin garin Maradi, kuma masu su sun roƙe ni in sakaya sunansu. Na sakaya, na kuma sauya ƴan abubuwan da za su iya sa a gane su.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna. Ina gajiya, ya iyali? Allah ya ƙara girma.

Ni bazawara ce, shekarata 32, ina zaune gidan babana, ɗinki nake yi. Ina da wata ƙawa, shekararmu shida tare. Tunda ba ki ganin fuskata bari in faɗa miki gaskiya: abin da ke tsakaninmu ya wuce ƙawance, son juna muke. Ita ma aurenta ya mutu, tana riƙe da ɗiyarta ƴar shekara tara, tana saro atamfa da leshi daga Kano tana saidawa cikin gida.

Da can babu wanda ya damu da mu. Anko ɗaya muke yi, kwano ɗaya muke ci, in dare ya yi mata a gidanmu ta kwana, innata ma "ɗiyata" take ce mata. Sai bayan ƙaramar salla, a wajen wani suna, wata mata ta ya da magana cikin taro, ta ce wai akwai zawarawan da ba su neman miji don sun riga sun samu. Aka kwashe da shewa. Kwana biyu tsakani sai ga saƙon murya yana yawo a WhatsApp na matan adashinmu. Ba a kama suna ba, an dai ce "mai keke da mai atamfa".

Tun daga nan ta sauya mini. Ta goge sunana a wayarta ta sa "Tela". In na tura saƙo ta karanta ta share, amsarta ba ta wuce "to". In mun haɗu a biki sai ta nemi tabarmar da ba na kai. Ranar da ta zo karɓar ɗinki muna ɗaki mu biyu, iska ta kaɗa ƙyauren langa-langa, ta zabura har ta ture gwangwanin maɓallai. Na kama hannunta ta fizge. Yanzu ko mun keɓe faɗa muke yi a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ni likita kwana huɗu. Sau ɗaya ta zo, cikin ayarin matan unguwa, ta tsaya daga ƙafar gado ta ce "Allah ya ƙara sauƙi" kamar wadda ba ta taɓa sanina ba. Sai dai ta riƙa aiko ɗiyarta da kunu kullum da safe, shi ke nan. Ga shi kuma yayyenta sun matsa mata ta auri wani Alhaji mai mata biyu, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Inna, ta daina sona ne? In rabu da ita in huta? Ba na barci, na rame, wani lokaci sai in ji gara mutuwa ta ɗauke ni. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Ɗiyarki, daga Maradi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi tsayawa shi ne wurin da ke kika wuce da sauri, wato kunun safe.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin jinya kafin in aje. An taɓa kwantar da wani magidanci a ɗakin da nake kulawa, ciwo ya ci ƙarfinsa. Danginsa ba su rage shi da komai ba, da rana ɗakin cike yake. Akwai kuma wani mutum, tsaransa, wanda kullum bayan sallar asuba nake tarar da shi zaune gindin bedi a bakin ƙofa, da filas a hannu. Bai taɓa taka ɗakin ba. Sai ya miƙo mini ya ce, "Madam, na mai gado na uku ne, kada ki ce daga ni." Haka ya yi kwana goma sha ɗaya. Rana ta sha biyu ya zo da filas ɗinsa, alhali tun cikin dare aka fita da gawa, babu wanda ya tuna ya aika masa, don a idon dangi shi ba kowa ba ne. Ni na gaya masa. Bai yi kuka ba. Ya zauna, ya ɗora filas ɗin a cinya yana shafa murfin da babban yatsa, har rana ta ɗaga. Can ya miƙe ya ce bari ya je ya yi wa dangi gaisuwa. Shi zai yi wa wasu gaisuwa, shi kuwa babu mai yi masa. Ban tambaye shi abin da ke tsakaninsu ba, shi ma bai faɗa ba. Amma tun daga ranar, in na shiga ɗakin marasa lafiya, na daina auna so da wanda ya fi kusa da gado.

To ki dubi naki kunun. Mace ta tashi da duhun asuba ta hura wuta, ta dama, ta juye, safiya huɗu a jere. Kuma wa ta aiko? Ɗiyarta, abin da ta fi tsoron a raba ta da shi a duniya. Ba zan rantse miki a kan zuciyar da ban gani ba, amma duk abin da kika lissafa, daga sunan da ta goge har hannun da ta fizge, alamun mai tsoro ne. Wadda ta daina so ba ta zabura don iska ta kaɗa ƙyaure. Zama take yi hankali kwance ta karɓi ɗinkinta ta tafi.

Kafin in ci gaba, na san akwai masu karatu da tuni ransu ya ɓaci don na buga wannan wasiƙa. Hukuncin da malamanmu suke faɗa a kan wannan al'amari sananne ne, yarinyar nan ta san shi tun tana makarantar allo, kuma ba fatawa ta tambaye ni ba. Ta zo mini ne da rashin barci da tunanin mutuwa, ni kuma aikin da na yi duk rayuwata bai koya mini korar mai ciwo ba. Ina kuma so matar da ta ya da magana a wajen suna, da wadda ta naɗi saƙon murya, su tuna cewa Alƙur'anin da muke karantawa ya hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane da cin naman juna, duka a aya guda, ta 12 cikin Suratul Hujurat. Suratun Nur kuwa bulala tamanin ta yanka wa mai jifan mace da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba. Me suka gani? Mata biyu da anko ɗaya. In wannan ya zama shaida, to rabin matan Maradi sun shiga uku. Kuma ɓarnar tana fita waje: na fara jin ƴan mata na cewa ba su ƙara kwana gidan ƙawa, ba su riƙe hannu a hanyar kasuwa, kada a ce. Ƙawancen da muka gada, wanda ya riƙe mata da yawa a ranar saki da ranar takaba, shi ake yanka da irin wannan baki.

Mu koma kanki, ɗiyata. Mu Hausawa mun san so mai ɓuya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane. Mace ba ta kama sunan miji, sai "maigida" ko "shi". Amma wannan ɓuya kowa ya san abin da ke ƙarƙashinta, har yabon mai yin ta ake, a ce wance akwai kunya, akwai kara. Taku ɓuyar babu mai yaba ta, in ma an gano abin da ke ƙarƙashi to tashin hankali ne. Shi ya sa take cin rai. Wanda ya wuni yana gadin bakinsa da idonsa da inda zai aje hannunsa, ba ya iya sauke gadin nan take don an rufe ƙofa. Zuciya na ci gaba da bugawa, kunne na waje, kafaɗa a ɗaure. Na sha ganin haka ga mutanen da suka fito daga wani firgici: ka taɓa su da alheri su zabura. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ranar da ta fizge hannunta, shewar wajen sunan ce take ji a kunnenta.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Wani Ba'amurke mai binciken lafiyar jama'a, Ilan Meyer, ya yi rubutu a 2003 da har yau ake komawa gare shi. Ya nuna cewa abin da ke gajiyar da mutane irinku ya wuce zagi ko dukan da aka yi musu a zahiri. Akwai zaman jiran a yi, akwai wahalar ɓoyewa kullum, sannan akwai lokacin da mutum yake haɗiye ƙyamar da ake masa har ya riƙa yi wa kansa. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya tun ranar 17 ga Mayun 1990 ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce miki ramarki da rashin barcinki alamar taɓin hankali ne, ko aljani namijin dare, ya kwashe miki kuɗin ɗinki da hayaƙi da rubutu. Damuwa ce, kuma ana gane inda ta fito.

Akwai abin da ban ga kin lura da shi ba, kuma a ganina shi ne ke hura faɗan da kuke yi a kan abin banza. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma in mata da miji suka saɓa, duk gari ya san hanyar gyara. Ta yi yaji, a yi biko. Gwaggo ta ja ta ɗaki, kawu ya zaunar da shi a zaure, waliyyi ya yi tsawa, limamin unguwa ya sa baki. Ko kuka za ta yi, akwai cinyar da za ta kifa kai. Ku fa? Duk abin da ya taso, ku biyu ne masu faɗan, ku ne masu rabon, ku ne masu ba da haƙuri. Haushin matar suna, da na yayye, da na saƙon murya, babu inda za a sauke shi lafiya sai a kan mutum ɗaya tak da aka san ba za ta tona ba. Sai ki ga ta zo da wutar da aka kunna mata a waje ta juye miki a kan tsawon hannun riga. Ke ma, in kin bincika, kina yi mata haka.

Sannan tsoronku ba ɗaya ba ne, don abin da za ku rasa ba ɗaya ba ne. A ƙasar nan maganar saki da riƙon ƴaƴa al'ada ce ke yanke ta, kuma kin san yadda al'adarmu take: yarinya ƴar shekara tara tana hannun uwarta ne da yardar dangin uba. Raɗe-raɗi kaɗai ya isa su aiko a ɗauke ta, babu mai tambayar shaida. Sana'arta kuma ta shiga gidajen mutane ce, da bashi da amana. Ranar da matan aure suka ce kada mai atamfa ta ƙara shigo musu, jarinta ya karye. Ga hanyar Kano da take bi ta Ɗan Isa da Jibiya. A Najeriya, dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga nuna irin wannan soyayya a fili, ga kuma shari'a da Hisba a Katsina da Kano. A nan gida ma iska ta juya. Tun farkon 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya bayyana cewa za a saka hukunci a kan wannan cikin kundin laifuka, kuma kundin mulkin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya haramta shi ƙarara. Mali ta sa hukunci a ƙarshen 2024, Burkina Faso a Satumban 2025. Saboda haka in ta share saƙonki, ki sani tana kare ku ne ku biyu.

Garin nan kuma yana da abin da ya sa ake jin tsoronsa. Kuna yara a Nuwamban 2000, lokacin da aka yi boren ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai. Biki na can, amma a nan Maradi aka bi mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da na ƴan bori, aka farfasa, aka cinna wuta. Ina bakin aiki a lokacin. Abin da ban manta ba shi ne mace ta fito da zane ɗaya, duk abin da ta tara ya zama toka, kuma cikin masu kallo har da waɗanda jiya suke gaisawa. Wanda ya girma yana jin wannan labari ya san cewa magana a garin nan tana iya zama wuta cikin yini guda.

Abu mafi wuya na bari sai yanzu. Yana yiwuwa ba mutane kaɗai take tsoro ba. Kin ce bayan ƙaramar salla abin ya fara, wato ta fito daga wata guda na tafsiri da tsayuwar dare, sai maganar suna ta faɗo a kai. Mai yiwuwa tana faɗa da kanta, tsakaninta da Ubangijinta, kuma in ta dube ki tana ganin wadda take so da abin da take jin tsoron haɗuwa da Allah da shi, a fuska guda. In haka ne, gardama ba ta warware shi, kuma kada ki kuskura ki yi mata ba'a ki ce yau ta zama ustaziya. Wannan hisabi nata ne. Ke ma kina da naki, na kuma san kina yin sa cikin daren da ba ki barci.

Yanzu me za ki yi? Ki daina tambayarta "kina sona?" Mai tsoro in aka yi mata wannan tambaya ji take an tsare ta a lungu, sai ta yi shiru ko ta yi faɗa. Ki bari sai ta zo da dalilin da kowa zai gani, awo ko karɓar ɗinki, da rana, ƙofa a buɗe, keke na aiki. Ki fara da godiya: "Na sha kunu, na gode." Sannan ki tambaye ta abu ɗaya: "Me kika fi tsoro?" Ki yi shiru ki bar ta ta faɗa, ko da abin da za ta faɗa zai yi miki ɗaci. Bayan nan ki gaya mata naki ciwon ba tare da tuhuma ba, ki ce ranar da ta tsaya daga ƙafar gado kin ji kamar ba ki da kowa. Ina zaton ba ta san zurfin abin ba, don ita a ranta ta zo, ta yi kasada ma.

Daga nan sai ku yi shawara a kan yadda za ku kasance gaban mutane. Nisan da aka yi shawararsa ba ya ciwo kamar wanda aka wayi gari aka gani. In kin san dalilin da ya sa ta zauna wata tabarma, kuma da yardarki ta zauna, ba za ki koma gida kina kuka ba. Ki kuma nuna mata cewa ƙaurace miki gaba ɗaya shi ne ma ke ba masu magana abin faɗa, don kowa ya san ku tare shekara shida. Gaisuwa da zumunci irin na kowace ƙawa sun fi rufa asiri. Wayarki kuma ki tsabtace ta yau: hoto, saƙon murya, duk abin da in ya faɗa hannun ƙane ko mai gyaran waya zai zama makami. Kuma ina roƙonki da girman Allah, duk yadda rai ya ɓaci, kada kalmar "sai na tona miki" ta fito bakinki. Na ga inda aka faɗe ta sau ɗaya cikin fushi, amana ba ta sake komawa ba, don daga ranar wadda aka faɗa wa ta fara tsoron ta cikin ɗaki kamar yadda take tsoron na waje.

Maganar Alhaji kuwa, ba zan ɓoye miki ba, tana iya amsawa. Mata da yawa sun shiga aure don su tsira da ɗa ko da suna. In ta zaɓi haka, zaɓinta ne, ko da an tura ta gare shi, kuma ba zai zama shaidar cewa shekara shidan nan ƙarya ce ba. Sai dai ba zan ba ki shawarar ki zauna a gefe kuna cin amanar mutumin da bai san komai ba, kina jiran ragowar lokacinta. Wannan zai ƙara muku abin ɓoyewa a kan wanda ya riga ya fi ƙarfinku, ga haƙƙin wani. Ki tambaye ta gaskiyar niyyarta, ki ba ta lokaci ta amsa, amma ba har abada ba. In kuma kin ga watanni na wucewa, kin yi magana, kin saurara, ba abin da ke dawowa sai wulaƙanci, to kina da damar janye jikinki cikin mutunci, asirinta a rufe, naki a rufe. Tsoro in ya daɗe yana iya cinye so, ina faɗa miki ne don kada ki ɗora wa kanki laifin abin da ba ke kika kunna ba.

Layin da kika rubuta na mutuwa shi ya hana ni barci. Ba na ɗaukarsa wasa. Ki koma likita cikin satin nan ki ce ba ki barci, ba ki cin abinci, kuma tunanin mutuwa na zo miki. Ba dole ne ki faɗi dalili ba, wannan kaɗai ya isa a duba ki, kuma ma'aikacin lafiya yana da wajibin riƙe sirri. Na san abin da ke hana irinku zuwa. Wani bincike da aka yi a Abuja a kan maza masu neman maza ya nuna cewa bayan dokar 2014 masu jin tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 38. Kada ki shiga wannan lissafi. In akwai maganin ɓera ko na ƙwari ko tarin ƙwayoyi a ɗakinki, ki fitar da su. In tunanin ya matsa cikin dare, ki tashi ki koma ɗakin innarki ki kwanta kusa da ita, ki ce mata ranki ne ba daɗi. Matar da ta ce wa ƙawarki "ɗiyata" ba za ta kore ki daga shimfiɗarta ba. Ki sake rubuto mini bayan kun yi magana, ina jira.

TAMBAYA

Salamu alaikum Inna, a gaishe ki. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, kabu-kabu nake yi. Akwai abokina da muke fada ɗaya, kuma mu ma tsakaninmu akwai abin da ba mu faɗa. Wani dare muna shan shayi wani ɗan daudu mai saida abinci ya wuce, aka fara yi masa tsiya. Sai wani ya dube ni ya ce, "Kai ka yi shiru, ko naka ne?" Gabana ya faɗi. Na tashi na kwaikwayi tafiyarsa, na zage shi zagin da ya fi na kowa, na ce irinsu kashewa ya kamata a yi. Aka yi ta dariya. Abokina na zaune, shi ke zuba shayi. Bai ce komai ba, ya gama zuba na uku ya tafi. Sati uku ke nan in na kira ba ya ɗauka. Inna, ai ya san don in kare mu na yi. Me ya sa zai riƙe ni?

Ɗanki, daga Maradi

AMSA

Wa alaikas salam ɗana. Na yarda tsoro ne ya tashe ka tsaye, kuma tambayar da aka jefo maka tarko ce. Amma ka zauna inda abokinka ya zauna, da buta a hannu, ka ji abin da ya ji. Ya ji bakin da ya fi yarda da shi a duniya yana cewa irinsa kashewa ya kamata a yi, ya kuma ga yadda maganar ta zo maka da sauƙi, har da kwaikwayon tafiya. Tambayar da ke ransa yanzu ita ce: ranar da aka nuna shi da yatsa a fadar nan, me za ka tashi ka yi? Ba riƙo yake yi ba. Yana auna ko yana da tsaro a wajenka.

Saboda haka kada ka je masa da "ai ka san dalili". Ka je da "na yi kuskure, na ji tsoro, na faɗi abin da ba ya cikin zuciyata." Kada ka aika a waya, ka same shi ido da ido inda babu kunne, in ya ƙi saurara ka ba shi lokaci ka sake komawa. Ka kuma shirya amsar da za ka bayar gaba, don za a sake jefo maka irin wannan tambaya. Ba sai ka zagi kowa ba kafin ka tsira. "Ni ba na cin naman mutane" amsa ce da babu Musulmin da zai kama ka da ita. "Ku bar bawan Allah ya nemi abincinsa" ita ma haka. Ko ka ce fasinja na jiranka ka ta da babur.

Akwai kuma mutum na uku da ba ka sa a lissafi ba. Shi wannan ɗan daudun ya ji ka. Ya wuce da tukunyarsa a ka, bai tsokani kowa ba, ya kwana da maganarka, kuma kalmar kisa in ta yawaita a bakin matasa wata rana wani yakan ɗauke ta da gaske. Ka san inda yake aje teburinsa. Gobe ka tsaya ka sayi abinci a wurinsa, ka gaishe shi da sunansa, in ka samu sarari ka ce ya yafe maka.